Rigar Shaida ta Birnin Tsirgau

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci harshe, ya kewaye shi da katangar haƙora, ya sa masa ƙyauren leɓe, duk da haka bai hana shi fita yawo ba. Ku matso, ku da kuka tare ni a wannan inuwa kuna shafa rigata kuna tambayar wane gwani ne ya saƙa ta. Kun ga ƙyallayen nan biyu da ke ƙirjina, na dama da na hagu, yadda zare bai saɓa wa zare ba? Shekara arba'in ke nan ana yaba mini su, kuma duk wanda ya yaba bai san abin da yake yabo ba. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Gangaren Maje, ga kuma yadda aka yi na samu rigar.

Ina da shekara goma sha bakwai muka bar gida ni da Cindo, ɗan maƙwabciyarmu Inna Kyauta. Tare aka yaye mu, tare muka yi ƙiriniya, sai dai Allah ya raba mana baiwa. Ni ya ba ni baki, shi ya ba shi hannu, har da ƙarin yatsa guda a hannun dama. Rinin garinmu wanki uku yake yi ya koɗe, fatake kuwa sun ba mu labarin wani birni a bayan duniya, Tsirgau, inda ake rini da shunin da ba ya sakin tufa ko tufar ta mutu. Shi muka fita nema. A bakin ƙofa Inna Kyauta ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Nomau, kai ne mai bakin. Wannan ko an taka shi ba ya cewa komai. Ga shi nan, ka dawo mini da shi." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Bayan wata biyu muka iso Kogin Rankai, wanda ba a hango ƙetarensa. Babu jirgi a kogin nan sai wata kififfiya mai faɗin masussuka, ita ke fito da mutane a bayanta. Sharaɗinta ɗaya ne, a riƙa zuba mata labari a kunne, in labari ya yanke ta nutse da kowa. Na kwanta rub da ciki a wuyanta tun hantsi, na shiga zuba. Da labaran da na sani suka ƙare na koma ƙirƙira. Na aurar da sauro ga giwa, na raba musu gado, na kai su gaban alƙali. La'asar sakaliya muka taka ƙasa, maƙogwarona ya bushe har ba na iya haɗiye yawu. Muna sauka Cindo ya lura da wata tsohuwar ƙugiya da ta nutse a naman wuyanta, ya sa ƙaramin yatsan nan nasa ya zare ta. Kififfiya ta dube shi ta ce, "Shekara sittin ina ɗauke da wannan abu. Allah ya yi maka albarka, yaro." Ni da na yini ina ceton ranmu, ko kallo ban ishe ta ba.

Daga nan muka faɗa hannun Dogaye, masu kiwon jimina a Filin Farar Ƙasa, waɗanda duk baƙon da suka kama sai ya tsufa yana bin garkensu. Na tsaya gaban shugabansu na rantse masa cewa mu 'yan aiken ciwon ƙyanda ne, an turo mu wani gari, amma in ya matsa mu sauke kayanmu a nan. Nan da nan aka kwance mu. Kafin mu tashi Cindo ya ga linzamin shugaban ya tsinke, ya zauna ya tufke masa shi. Suka ba shi jimina sukutum ya hau. Ni aka ce in ɗare a baya in riƙe ƙugunsa da kyau. Haka muka yi tafiyar kwana tara ina kallon ƙeyarsa, kuma a kwanakin nan ne na fara jin wani abu yana tsiro mini a ƙirji. Ba zan ɓoye muku sunansa ba, hassada ce.

Tsirgau birni ne mai ganuwa shuɗiya, tituna shuɗɗa, har tantabarun garin fikafikansu sun rine. A tsakiyarsa akwai karofi ɗari uku, ramukan rini ke nan, a tsakiyar su kuma akwai wadda suke kira Uwa. Shekararta ɗari huɗu ba a taɓa kwashe ta ba, ana dai ciyar da ita toka da shuni, kuma daga ruwanta ake ɗiba a tayar da kowane karofi. Sarkin Marina Jibo ya karɓe mu. Ni na yi masa jawabin da ya sa dattawa gyaɗa kai, Cindo ya gaishe shi kawai. Aka sa mu wankin zare a bakin rafi.

Shekara guda ina haddace duk abin da Sarkin Marina ya faɗa. Na san awon toka, na san kwanakin da shuni ke yi kafin ya nuna, in aka yi tambaya kafin a rufe baki na amsa. Cindo ko rabin wannan bai riƙe ba. Shi dai ya tsoma yatsa a ruwa ya shinshina, ya ce, "Wannan yunwa take ji." A duba kuwa a tarar haka ne.

Al'adarsu ce duk shekara bakwai a zaɓi ɗalibi ɗaya a ba shi muciyar da ake motsa Uwa, a kuma cika masa 'yar gora da ruwanta, ya kai garinsu ya kafa nasa karofi in ya gama koyo. Gorar nan ita ce abin da ya fito da mu daga gida. Ranar zaɓe na yi wanka na tsaya a sahun gaba. Sarkin Marina ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, ya miƙa wa Cindo muciya da gora. Cindo ya zo da murna ya ce, "Nomau, mun samu." Na ce, "Ka dai samu." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yi mini gori ba. Da ya yi fankama da na samu abin kamawa. Sai dai ya dawo daga bakin Uwa hannunsa baƙi wuluk har gwiwar hannu, ya zauna kusa da ni ya raba mana ƙosai, ni kuwa da hannuna mai ɗan shuɗi-shuɗin wankin zare. In na rufe ido sai in ga ranar komawarmu, gari ya fito tarya, ana cewa ga Cindo da gora, ga kuma Nomau da ya rako shi.

Cikin abin da na haddace akwai cewa tsami shi ne ajalin karofi. Wata rana da tsakar rana, marina duk sun tafi inuwa cin abinci, na ɗauko lemon tsami arba'in da na ɓoye a kwandon zare, na tsuguna a bakin Uwa na matse su ɗaya bayan ɗaya, na binne ɓawon a bayan ɗakin da Cindo ke ajiye muciya. Nufina a ce ya yi sakaci, a karɓe gorar, mu koma daidai. Abin da nake gaya wa kaina ke nan, kuma wani lokaci har ina yarda.

Washegari kumfar Uwa ta kwanta, ruwanta ya koma kamar na wankin kwano. Na ga Sarkin Marina, dattijo mai furfura, zaune a ƙasa yana kuka. Aka tono ɓawon lemo, aka kama Cindo. Da aka yi shelar ko akwai wanda ya ga wani abu, bakina ya riga ni. Na ce na gani. Sai bayan na faɗa ne wani marini ya gaya mini hukuncin wanda ya kashe Uwa: a saka shi cikin ramin, a cike da ƙasa. Na tambaye shi wanda ya yi shaidar zur fa? Ya ce shi ke shiga a madadin wanda ya yi wa ƙagen. Ramin dai guda ne, kuma ko ni ko Cindo.

A Tsirgau wanda gemu bai fito masa ba, manya ba sa yi masa shari'a, don sun ce babba ya manta irin ƙaryar da yaro ke yi. Akwai Zauren Tsara, inda samari da 'yammata bakwai ke zama, manya na waje suna leƙe ta taga ba su da ta cewa. Shugabarsu a lokacin wata yarinya ce 'yar maginan tukwane, Yalwa, ba ta fi shekara goma sha shida ba, mai yawan sosa kunne in tana saurare. Babba ɗaya ake bari a ciki, Kaka Shekara, tsohuwar masaƙiya. Ba sa rubutu a birnin nan. Mai shaida yana magana tana saƙa maganarsa, farin zare ga abin da ya gani, baƙi ga abin da ya ji, ja ga wuri da lokaci, kowace magana da irin ƙullinta. Bayan kwana uku ya dawo ya sake bayar da shaidar, ta saƙa ƙyalle na biyu, a shimfiɗa su gefe da gefe a duba.

Da na ji haka sai na ji sanyi a raina. Ni da na riƙe labari yini guda a wuyan kififfiya, maimaita magana ce za ta gagare ni? Ban tambayi kowa abin da ake dubawa a ƙyallayen ba, don ina ganin na riga na sani.

Ranar farko aka fara da wata mai fura, Tasalla, wadda ta ce Cindo yana rumfarta da tsakar ranar nan, ya sha ludayi uku, da hula a kansa. Sannan aka kira ni. Na ce ina dawowa daga rafi da kwandon zare a kaina, inuwata na ƙarƙashin ƙafata, na hango Cindo tsugune gabas da Uwa, ya juya baya, yana matsa wani abu da hannun dama, na ji ɗigar ruwa, na ji ƙamshin lemo, ya waiwaya sau biyu. Ƙoshiyar saƙar Kaka Shekara tana kai da komo. Cindo yana zaune a tabarmar wanda ake tuhuma, bai ɗago kai ba.

Yalwa ta sosa kunne ta ce, "Ɗan'uwa, ba abokinka ba ne?"

Na ce, "Abokina ne, ranki ya daɗe, amma gaskiya ta fi aboki."

Ta ce, "A nan ba a ce wa kowa ranki ya daɗe. Je ka, sai gata."

Kwana na biyu na kai masa abinci inda aka tsare shi, don kada a ce ban je ba. Ya karɓi akushin, ya daɗe yana kallon hannuna. Can ya ce a hankali, "Nomau, ka tsoma yatsunka a shuni kafin ka koma zauren. Kansu ya yi fari." Na duba. Ruwan lemo ya cinye shuɗin kan yatsuna goma, ni ban ma lura ba. Ya sani ke nan, tun ranar farko ya sani.

Kuna tsammani na faɗi a gabansa ina neman gafara? Haushi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Yana bakin rami, amma shi ne mai yi mini alheri. Ko a nan ma sai da ya fi ni. Na fita, na je wani karofi na tsoma yatsuna har sau uku, na koma ɗaki na ci gaba da bitar shaidata.

Ranar komawa Tasalla ta ce Cindo ludayi biyu ya sha, ko uku ne, ta manta, kuma da ta sake tunani kamar babu hula a kansa, amma dai ya zauna a kan turminta har aka fara komawa aiki. Na yi murmushi a ɓoye, na ce wannan ta rushe kanta. Da aka zo kaina na zuba tawa tiryan-tiryan, kwandon zare, inuwa a ƙarƙashin ƙafa, gabas da Uwa, waiwaye biyu. Ko numfashi inda na ja a ranar farko nan na ja.

Aka shimfiɗa ƙyallayen Tasalla. Gefensu ya sha bamban nan da can, amma jan zaren tsakiya ya tafi daidai. Su bakwai suka gyaɗa kai. Aka shimfiɗa nawa, ƙulli ya hau kan ƙulli, kamar an tsaga abu ɗaya biyu. Na gyara tsayuwa ina jiran a yaba.

Yalwa ta ce, "Kaka, kin taɓa ganin irin wannan?"

Tsohuwa ta ce, "Sau biyu, 'yar nan, a shekara hamsin. Duka biyun baƙi ne, ba 'yan garin nan ba."

Yalwa ta juyo gare ni. "Ɗan'uwa, jiya me ka ci da rana?"

Na ce tuwo, sannan na ce a'a, dambu ne, tuwon shekaranjiya ne.

Ta ce, "Ka gani? Abin da ka ci da bakinka ma sai da ka yi gyara. Wanda ya ga abu, kullum ya waiwaye shi sai ya tuno wani gefe ya manta wani. Wanda ya ƙera abu shi ke ajiye shi yadda ya ƙera. Mu nan tun muna yara muka san wannan, in za mu yi wa iyayenmu ƙarya sai mun ɗan canja ta." Wasu daga cikinsu suka yi dariya. Ta ce, "Miƙo hannunka." Na miƙa. "Kai mai wankin zare ne. Me ya kai kan yatsunka suka fi na Sarkin Marina baƙi?"

Ni Nomau, da na yi wa Dogaye wayo, yau ga 'yar yarinya ta kama ni. Na faɗi gaskiya a tsaye, kuma ba don nadama ba, don dai babu sauran hanya.

Aka kwance Cindo aka ɗaure ni da igiyar tasa, tana da ɗuminsa. Yalwa ta ce masa, "Ka kuɓuta. Gorarka tana nan an ajiye maka, tunda wanda ake tuhuma ba ya kusantar ruwan Uwa. Ɗauki abinka ka tafi gida."

Cindo ya tsaya yana murza yatsansa na shida, abin da yake yi in magana ta yi masa nauyi. Ya ce, "'Yar'uwa, in Uwa ta farfaɗo, akwai wanda ya kashe ta?"

Suka haɗa kai su bakwai suka yi shawara. Yalwa ta ce, "Babu kisa in babu gawa."

Sarkin Marina ya kasa haƙuri, ya yi magana ta taga duk da doka. "Yaro, ka san abin da kake faɗa? Ruwan gorar nan shi kaɗai ne ruwan Uwa da ya rage a ƙasar nan. In ka juye ta, garinku bai samu komai ba. Kuma wanda ya tayar da Uwa ya zama mai tsaronta, ba ya ƙetare ganuwa har ya mutu."

Cindo ya ce, "Na sani, Baba."

Aka kwashe mataccen ruwan, aka wanke ramin, aka zuba sabon ruwa da toka da shuni, Cindo ya juye gorarsa har ɗigon ƙarshe. Ni kuma aka ɗaure ni a gindin wani turke a bakin ramin, ga tarin ƙasar da za a rufe ni da ita a gefena, aka ba Cindo kwana tara. Kullum ya zo ya motsa, ya tsoma yatsa ya shinshina, ya ƙara toka ko ya hana a ƙara. Kwana takwas ruwa bai ce komai ba. Rana ta tara da hantsi wata 'yar kumfa mai ƙyallin jan ƙarfe ta taso a tsakiya, wata ta biyo ta. Birni ya ɗauki guɗa, aka ɗaga Cindo sama ana zagaya karofi da shi. Na tsira da raina, ina kuka, kuma ina kallonsa a kafaɗun mutane ina jin abin nan yana motsi a ƙirjina kamar yadda ya saba. Na so a ce ni ne.

Hukuncina kora ce, da wannan riga. Aka ɗinka mini ƙyallayena biyu a ƙirji, aka rantsar da ni ba zan rufe su ba. Cindo ya rako ni har ƙofar ganuwa, ya tsaya daidai inda ƙafarsa ba za ta ƙara wucewa ba. Na yi ta neman abin faɗa. Shi ya riga ni, karo na farko a rayuwarmu. Ya ce, "Ka gaya wa Inna komai. Kada ka gyara mata." Na tambaye shi don me ya yi haka. Ya ce, "Ai ta ce mu dawo. Gara ɗaya da babu."

Na ratsa Filin Farar Ƙasa da ƙafa, ina ɓuya a ramuka in na hango jimina. A Kogin Rankai wannan labarin na ba kififfiya, don shi kaɗai ya rage mini, ta saurara har ƙetare, ta sauke ni ta tambayi lafiyar yaron nan mai yatsa shida.

Na iso Gangaren Maje ana sallar azahar. Inna Kyauta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta daɗe tana duban bayana. Sannan ta ajiye rariya, ta kama gaban rigata ta shafa, ta ce, "Wannan aiki da kyau yake. Shi ya saƙa maka?"

Na zauna a ƙasa na gaya mata. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Da na gama ta ce in tafi in dawo gata. Na dawo, ta ce in sake faɗa daga farko. Na sake, ina tuntuɓe, ina komawa baya, na tuno ƙosan da yake raba mana wanda ban faɗa ba a karon farko, na rikice ko lemon arba'in ne ko talatin. Ta ce, "To, yanzu na yarda yana raye." Har ta rasu ba ta ƙara yi mini magana ba, amma duk ranar da na kai mata itace tana karɓa.

Fatake suna cewa yanzu shi ne Sarkin Marina na Tsirgau, furfura ta cika masa kai, yara suna rububin riƙe masa muciya. In na ji haka ina yi masa murna, kuma wani abu yana ɗan cizona, ba zan ce muku ya mutu ba. Rinin garinmu har gobe wanki uku yake yi.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan yau, Allah ya yafe mana abin da harshe ya ɗauko. Wanda ya ji labarin nan a bakina bara ya ce ba haka na faɗa ba, ya yi gaskiya. Ku cika mini riga haka nan, za ku sa mata datti.